Ranar da Khura Tankeswar Ya Shiga Tafki

A ƙauyenmu, can bayan garin Jorhat, ba a buɗe taro sai Khura Tankeswar Bora ya iso. Ƙanin mahaifina ne. Shekara talatin ya yi yana akawu a gonar shayi, amma rana ɗaya bai taɓa tsinkar ganye ba. Da ya yi ritaya sai ya samu sana'ar da ta dace da shi, wato shugabancin taro.

Bikin Bihu ne, ko gyaran rufin ɗakin ibada, shi ne a kujerar tsakiya. A rataya masa gamosa, ɗan saƙaƙƙen mayafi, a wuya don girmamawa, a miƙo masa tamul, irin goronmu, ya tauna bakinsa ya yi ja, sannan ya miƙe.

"Ubangiji ya ba mu mai, ya ba mu shayi, ya ba mu kogin Brahmaputra, har karkanda ya ba mu. Abu ɗaya ya hana mu: matasa masu zuciya! Mu a zamaninmu, da hannu muke kama kifi."

Matarsa, Khuri Rupohi, ita ke dashen shinkafa, ita ke kiwon tsutsar siliki, ita ke saƙa. Ba ta zuwa taro. Ta ce duk ta riga ta ji lokacin da yake gwaji a gaban madubi.

Wata shekara, ana saura kwana uku Bihun sanyi, Diganta shugaban matasa ya zo ya durƙusa.

"Khura, mun tuba. Bana za mu dawo da kamun kifin gayya a tafki. Kai za ka fara shiga, mu koya."

"Madalla! Sai dai gwiwar nan tawa..."

"Ai har mun yi shela da lasifika, Khura. Ƙauye uku za su zo kallo."

Ranar kamun da safe hazo ya rufe tafkin, jama'a sun cika bakinsa. Khura ya iso cikin rigar siliki. Aka miƙa masa kwandon kamun kifi, ya riƙe shi baki sama. Wata tsohuwa da suka yi firamare tare ta ɗaga murya: "Tankeswar, ruwan sama za ka tara? Kifa shi mana!"

Taku na farko lafiya. Na biyu laka ta kai masa gwiwa. Na uku sai ƙafafu muka gani. Ya ɗago yana furzar da ciyawa, ya duba ƙaurinsa, ya kurma ihu: "Maciji! Macizai!"

Matsattsaku ne guda biyu. Khuri, wadda ta zo ranar karo na farko, ta tattare zani ta shiga ta jawo shi, ta yayyafa musu gishiri suka faɗi.

Ta kira shi da sunan 'yarsu: "Baban Jonali, tsaya, rigarka na motsi."

Ta sa hannu ta zaro ɗan kifi, bai kai yatsa ba. Ta ɗaga shi sama. Aka ɗauki tafi, masu ganga suka saki kiɗa, matasa suka auka ruwa da sowa. Ranar an kama kifin da kowane gida sai da ya soya.

Mako guda Khura ya yi a kwance da mura, ba ya son ganin kowa. Da na je gaishe shi ya juya fuska bango, ya ce, "Yaran nan ba su da tarbiyya." Can kuma ya tambaya a hankali, "Mutum nawa suka zo?" Na ce sun fi ɗari biyar. Sai ya juyo, ya nemi shayi.

Tun daga shekarar ba a sake fasa kamun kifin ba. Rabin masu zuwa fatansu shi ne Khura ya sake shiga. Bai sake ba. Yana zama a tudu ƙarƙashin lema, ƙafa cikin safa biyu, yana nuna wa masunta inda kifi yake.