Butar da ba ta kai teku ba

Wata rana cikin watan Mayu, a layinmu da ke wata unguwar Hausawa a Legas, na ga abin da har yau na kasa mantawa da shi.

Wanda bai taɓa zama a Legas a wannan wata ba, bari in ɗan ba shi labari.

Zafin nan ba irin na bazarar gida ba ne, wanda in ka samu inuwa ka tsira. Wannan zafi ne mai laima. Ka fito daga wanka, kafin ka saka riga ka sake jiƙewa. Ka shanya kaya tun safe, la'asar ta same su da danshi. Takalmin da ka manta a ƙarƙashin gado kuwa, sai dai ka ciro shi da funfuna.

Sai kuma ruwa. Rana tana tsaka da ƙwallewa hadari zai taso daga wajen teku, gari ya yi duhu, a kece kamar da bakin ƙwarya.

To, muna da wata mummunar ɗabi'a a layin nan. Mutane sai su tara shara a bayan ƙofa suna jiran hadari. Da zarar ruwa ya sauka, kowa ya fito da kwandonsa ya juye a kwata.

Wai ruwa zai tafi da ita teku.

Gogan masu wannan aiki wani dattijo ne mai gidan bene a saman layi. Ba zan faɗi sunansa ba. Farar jallabiya, ƙamshin turare, sahun farko ba ya wuce shi. Yana da wata shuɗiyar buta da ya ɗaure hannunta da jar waya. Kowa ya san ta, don shekara da shekaru da ita yake zuwa masallaci.

A ranar da nake faɗa, ruwa ya tare ni a rumfar mai aski, daura da gidansa.

Ina kallo ya fito da kansa, ya tattare jallabiya, ya dinga zazzage buhu bayan buhu. Ledoji, ruɓaɓɓen abinci, hanjin kaji, famfas ɗin jikokinsa. A ƙarshe ya wurga butar nan, don gindinta ya tsage.

Na kasa haƙuri, na yi masa magana cikin ladabi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce teku ba ta cika, kuma ruwan sama mai tsarkakewa ne. Har da ja min baƙi, wai shi malam.

Abin da bai damu ya sani ba shi ne, ruwan da aka yi ta tafkawa a makon ya riga ya cika babban tafkin da kwatocinmu suke zubawa a ciki. Babu wajen wucewa. Shara ta je ta toshe kwalbatin ƙasan layi, komai ya juyo baya.

A ƙasan layin nan, a ɗakin da ya fi kowanne gangare, Hansatu take. Haihuwar fari, ɗanyen jego, kuma ana gobe suna. Mijinta direban tirela ne, yana hanyar dawowa. Daga ita sai jaririn sai surukarta, Inna Kande.

Ruwan ya shigo musu ta ƙarƙashin ƙofa.

Baƙi ƙirin, mai yauƙi, mai ɗoyin da ba zan iya kwatanta muku ba.

Kafin su ankara ya hau katifa. Inna Kande ta saka jaririn a baho ta ɗora a ka, ta tsaya a ruwa har gwiwa. Hansatu, da jikin da bai gama warkewa ba, ta tsaya kusa da ita cikin wannan ƙazanta har aka ɗauke ruwa. Kayan jariri, buhun shinkafar suna, atamfar fitar suna, duk sun sha.

Washegari aka jera benci a waje aka raɗa suna. Rana ta fito da ƙarfinta, ƙasa ta ɗauki turiri, wari ya tashi, ƙudaje suka zo nasu sunan. Na rantse ko ruwa ban iya sha a wurin ba.

Sai ga dattijon nan ya iso cikin sabuwar jallabiya, ya toshe hanci da hankici. Ko barka bai gama yi ba ya fara wa'azi, wai mutanen ƙasan layi ba su san tsafta ba, yaya za a haifi yaro a cikin juji.

Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Inna Kande ta miƙe. Ta shiga ɗaki, ta fito riƙe da wani abu da yatsu biyu. Shuɗiyar buta ce mai jar waya, taɓo yana ɗiga daga gindinta. Ta ajiye a gabansa, kusa da farar jallabiyar.

Ya ce, “Inna, mene ne wannan?”

Ta ce, “Butarka ce, Alhaji. Ba ta kai teku ba. A kan katifar jikana ta tsaya.”



Dattijon ya sunkuya ya ɗauki abarsa, ya tafi ko addu'a bai tsaya an shafa ba.

Bayan suna zazzaɓi ya kwantar da Hansatu, har sai da aka ba ta gado a asibiti. Da ta samu sauƙi mijinta ya kwashe su ya mayar Funtuwa. Katifar ƙona ta aka yi. Jaririn, Allah Ya tsare, yana nan lafiya.

Na ɗauka dattijon ya ji kunyar da za ta ishe shi har ƙarshen rayuwa.

Da aka sake yin ruwa na biyo ta ƙasan layi. A bakin kwalbati, cikin ledoji da hanjin kaji, na hango jar waya.

Ya sake jefa ta.

Tir da wannan hali.

Darasi: Abin da ka jefa a kwata bai ɓace ba, gidan wani ya tafi, kuma galibi gidan wanda ya fi ka rauni. Tsafta ba ta tsaya a jikin rigarka ba. In ƙofarka fes take alhali ƙazantarka tana kan katifar jaririn maƙwabci, ba ka da tsafta, turare kawai gare ka.

Damina ta kankama. In a layinku akwai mai jiran hadari da kwandon shara, tura masa wannan kafin ruwan gaba ya sauka.