Minti Ukun Granville Sugden

Kakana Granville Sugden, mahaifin uwata, an haife shi a Hollinthorpe a 1946, a layin gidajen masu haƙar kwal, kuma bai taɓa yin wata guda a wajen garin ba. Yana da shekara sha biyar ya bi ubansa cikin rami, bai bar aikin ba sai ranar da aka rufe mahaƙar. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son doguwar magana.

Abu biyu ya riƙe a rayuwarsa. Na farko ƙwallon zari-ruga, irin tamu ta mutum sha uku. Ya buga wa ƙungiyar garinmu shekara huɗu, a can ya baro haƙoransa biyu na gaba. Da ya daina, sai ya koma rumfar 'yan kallo ta arewa, gindin ginshiƙi na uku, inda shi da abokinsa Selwyn Broadbent suka yi shekara hamsin suna tsayuwa kafaɗa da kafaɗa suna zagin alƙalin wasa.

Na biyu tattabarun tsere. Ubansa ne ya kafa musu ɗaki a 1952, a lambu mai lamba sha bakwai, cikin lambunan da ƙaramar hukuma ke ba mutane haya a fadamar Ings. Duk arba'in da shida da ke ɗakin bara zuriyar waɗancan na farko ne. Littafin da ake rubuta wace ta haifi wace yana hannuna tun da idonsa ya daina ganin ƙananan rubutu, shi ya sa na san su ɗaya bayan ɗaya.

Fadamar Ings tana cikin koriyar ɗamara, wato gonaki da makiyayar da suka kewaye gari, waɗanda doka ta hana a ɗora ko bulo ɗaya a kansu. Mun ɗauka haka za ta zauna har abada. Amma tsohon filin wasanmu ya ruɓe, rufin rumfar kudu da waya aka ɗaure shi, kuma hukumar gasa ta ce in ba a fara sabon fili cikin shekara guda ba za a sauke ƙungiyar daga babban rukuni. Garin da ya rasa rami ya rasa masaƙa, ba abin da ya rage masa ran Lahadi sai wannan. Sai majalisar ƙaramar hukuma ta cire fadamar daga cikin ɗamarar, don a gina sabon filin a can. Saura kwamitin tsara gari ya zauna ran Alhamis sha biyu ga Satumba, ya ba da izinin gini ko ya hana.

Kaka ya yi murna kamar kowa, har ranar da na karanta masa takardun. Shafi ɗari huɗu ne. An ƙirga jemagun fadamar, an ƙirga kwaɗinta, an auna shingenta. Lambunan za su zama wurin ajiye motoci, za a ba masu su wasu a tudun Crow Nest, mil biyu daga nan. A kan lamba sha bakwai an rubuta: tsohuwar rumfar katako, za a rushe. A dokar sababbin lambunan kuma an ce kayan lambu kawai, ban da dabba ko tsuntsu.

"Sake karanta min nan wurin, Josie," in ji shi.

Na sake.

"Rumfa," ya ce. "To."

Wanda bai san tattabarar tsere ba zai ce a sayar mana. Tsohuwar tattabara wuri ɗaya ta sani a duniya. Ka kai ta Faransa ka sake ta, nan za ta dawo. Wanda ya saye ta sai dai ya kulle ta har ta mutu, don ranar da ya buɗe ƙofa ta tafi ke nan. Dabara ɗaya ce kawai: mai su ya ɗauke ɗakinsu na ainihi ya kafa a sabon wuri, ya rufe su har su yi ƙwai, sannan ya sake su, wataƙila ƙwan ya riƙe su. In babu wurin kafa ɗakin, sai dai a murɗe musu wuya. Kaka ya san haka, mu ma mun sani, amma ba wanda ya furta a gidan.

Ya rubuta wa majalisa wasiƙa biyu, aka amsa cewa an karɓa. Ya je ofis da kansa, aka ce masa ranar zama mutum biyu kawai ake bari su yi magana daga cikin jama'a, minti uku-uku: ɗaya mai goyon baya, ɗaya mai adawa. Gurbin goyon baya shugaban ƙungiya ya riga ya ɗauka. Na adawa yana hannun Misis Thackray, shugabar masu kare fadama, mutanen sababbin gidajen kan tudu waɗanda ba su taɓa taka filin wasa ba.

Ita da kanta ta zo gidan. Kaka Mavis, matarsa, ta kawo mata shayi a kofin baƙi.

"Mista Sugden, in ni na tashi za a ce mai kuɗi ce ke kukan za a tare mata taga. Amma tsohon ɗan wasa, wanda ya zubar da jininsa saboda ƙungiyar nan! Na bar maka minti ukun. Ga takarda mun rubuta, karantawa kawai za ka yi."

Ya karɓa ya ninke ya sa a aljihu. Bai ce zai karanta ba, bai ce ba zai karanta ba. Tana fita Kaka Mavis ta tsaya a kansa.

"Granville, ka san za a buga sunanka a jarida?"

"Na sani."

"Ni ce fa mai zuwa kanti kullum, ba kai ba."

Aka buga. Jaridar mako ta sa hotonsa na 1968 da ƙwallo a hammata, a ƙasa aka ce tsohon ɗan wasa zai yaƙi sabon fili. Ba shi da damar gaya wa kowa abin da yake nufi, domin in ya kai kunnen Misis Thackray za ta karɓe gurbinta. Ran Lahadi na raka shi wasan gida na ƙarshe. Matar da ke sayar da burodin nama da koren wake ta miƙa masa nasa ba ta ko kalle shi ba. Selwyn yana gindin ginshiƙi.

"A'a, ga sarkin jemagu ya iso! Ku matsa masa, kada ku taka masa ciyawa."

"Rufe bakin nan, Selwyn, kada haƙoran roba su faɗo."

Da can da dariya za a ƙare. Selwyn bai yi dariya ba.

"Gran, in aka sauke mu, shi ke nan fa. Garin nan ya mutu. Saboda me? Saboda kaji masu tashi?"

"Ka zo ran Alhamis ka ji."

"Zan zo. A bayanka ma zan zauna."

Ya ɗauki kofinsa ya koma ginshiƙi na biyar. Wani daga sama ya yi ihu, "Maci amana!" Kaka bai waiga ba. Aka tashi wasan bai san wa ya ci ba.

Kwana uku muka yi a kicin muna gwaji da agogon dafa ƙwai. Mutumin da ba ya magana, in ya kama tarihin tsuntsayen nan sai ya kai minti goma bai wuce 1960 ba.

"Lokaci ya ƙare, kana kan ubanka har yanzu!" in ji Kaka Mavis. "Bar matattu su huta, faɗi abin da kake so."

Ƙarfe biyu na rana aka zauna. Zauren majalisa ya cika, gefe ɗaya duk rigunan ƙungiya ja da baƙi, ɗaya gefen masu alluna da hoton fadama. Kansiloli sha biyu ne a teburi. Shugaban ƙungiya ya yi nasa minti uku, aka yi ta tafi har shugabar kwamiti ta buga tebur. Sannan ta duba takarda.

"Mista Granville Sugden, mai adawa."

Aka yi masa ihu tun daga kujerarsa har gaban lasifika. Akwai 'yar fitila a wurin, kore in ka fara, in ta yi ja lasifikar ta mutu.

"Sunana Granville Sugden, lambu na sha bakwai. An ba ni takarda in karanta. Misis Thackray, ki yi haƙuri, ba zan karanta ba. Ku gina filin. Ba wanda ya fi ni sanin inda tsohon yake yoyo."

Misis Thackray ta miƙe. "Wannan gurbinmu ne! Madam shugaba, wannan gurbinmu ne!" Sai da aka zaunar da ita, agogo kuwa bai tsaya ba. Kusan rabin lokacin ya tafi.

"Abin da kuka rubuta rumfar katako," Kaka ya ci gaba, "akwai rai arba'in da shida a ciki. Kun ƙirga jemagu, ba wanda ya leƙa tagata. A Crow Nest kun ce ban da tsuntsu. Ba a sayar da irin waɗannan, ba sa zama a gidan wani. In kuka sa hannu a haka, ranar da katafila za ta shigo, da hannuna zan murɗe musu wuya, don ba zan bar wa wani ya yi ba. Layi ɗaya nake roƙo ku ƙara. A bar ɗakin..."

Fitila ta yi ja. Ya dubi lasifikar, ya ture ta gefe, ya ƙarasa da muryar da ya saba kira da ita a cikin rami: "A bar ɗakin ya koma Crow Nest kafin a fara!"

"Lokacinka ya ƙare, Mista Sugden."

Lauyan kamfanin gini ya nemi izinin magana. Ya ce sabon sharaɗi yana buƙatar a gyara dokar lambuna, wannan kuma kan ɗauki lokaci. Dole a share fadamar kafin ƙarshen Fabrairu, domin daga Maris doka ta hana sare shinge saboda tsuntsayen daji na sheƙa. In aka kuskure, shekara ta tafi, wa'adin hukumar gasa ya tafi da ita. Masu ja da baƙi duk suka juyo suna kallon Kaka.

Wata kansila daga unguwar masu kwal ta ce ita ta kawo shawara a ƙara sharaɗin, a gama komai kafin ƙarshen Janairu. Shugaba ta tambaya ko akwai mai mara mata baya, don in babu shawarar ta faɗi. Ba wanda ya motsa. Wani yana juya alƙalami, wani yana duban silin. Sai daga bayanmu na ji muryar Selwyn.

"Haba! Ku sha biyu, ba mai hannu a cikinku?"

Shugaba ta ce in ya ƙara za a fitar da shi. Wani tsohon kansila a ƙarshen tebur ya ɗaga hannu a hankali. Aka kaɗa ƙuri'a: bakwai sun yarda da sharaɗin, biyar sun ƙi. Izinin ginin kuwa tara da uku ya wuce, zauren ya ɗauki ihu.

A kan matakala Misis Thackray ta tare shi. Idonta ya yi ja.

"Ka sace mana minti uku, Mista Sugden. Yau ba wanda ya yi magana a madadin fadamar nan."

"Gaskiya ne," ya ce. "Na sace."

Bai taɓa kare kansa a kan wannan ba, ita ma ba ta sake gaishe shi ba har yau.

An gyara dokar lambuna saura kwana huɗu wa'adi ya cika. Ran ashirin da tara ga Janairu, ana yayyafin ƙanƙara, maza shida suka kwance ɗakin katako-katako, Selwyn ya ja shi da motarsa yana mita cewa kashin tsuntsu zai ɓata masa kujera. A Fabrairu katafila ta shiga Ings. A Maris tattabarun suka yi ƙwai a Crow Nest, ƙofa a rufe.

Ran shida ga Afrilu da safe Kaka ya hana su abinci, ya ce mu tsaya nesa, ya buɗe. Suka fito suka zauna a kan rufi suna dube-dube. Sai suka tashi gaba ɗaya, suka yi kewaye biyu, suka miƙe kai tsaye wajen fadama, inda babu komai sai jar ƙasa da ƙarafa. Kaka ya tsaya yana kaɗa gwangwanin hatsi yana fito. Minti ashirin sama ba komai.

"Hannunka zai cire, Granville," in ji Kaka Mavis. "Kawo in karɓe ka."

"Ba su san kaɗawarki ba."

Wata shuɗiyar mace ce ta fara dawowa, ta faɗa kan allon bakin ƙofa ta shige wajen ƙwanta ba ta ko dubi hatsin ba. Sai biyu, sai biyar a tare. Kafin rana ta faɗi talatin da takwas sun shiga. Washegari uku suka ƙaru. Direban katafila ya kawo ɗaya a cikin hularsa ran Laraba, ya ce kwana biyu yana kauce mata, tana zaune a ƙasa ta ƙi tashi. Sauran huɗu, duk tsofaffin maza, ba a sake ganinsu ba. Mako biyu Kaka yana zuwa da gwangwaninsa bakin wayar da aka kewaye wurin ginin da ita, sannan ya daina.