Hajiya da 'Yan Cikin Kwamfuta

"Wannan ɗan gidan wa ne?" Kakata Hajiya Mairo ke nan, ta kafa hanci a jikin kwamfutata.

Tun da ta fara mantuwa, har ta bar tukunya ta ƙone sau biyu, likita ya ce a gwada mata wasan motsa ƙwaƙwalwa. Ana nuna fuska da suna, anjima a tambaye ka sunan.

Na ce, "Hajiya, ba ɗan kowa ba ne, hoto ne kawai. Sunansa Koffi."

Ta harare ni. "Mutum ba uwa ba uba? Daga sama ya faɗo? Dubi kunnen nan, jikan mai burodin unguwar Amoutivé ne."

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana raba musu dangi. Wata Afi ma har ta sha faɗa, wai ba ta zuwa gaisuwa.

Da aka zo tambaya, wallahi ko ɗaya ba ta kuskure ba. Kwamfuta ta ce "Bravo!" Hajiya ta ce, "Ki gaida mutan gida."

Ni kuwa wata uku ke nan "maigidana" kawai take ce mini. Ina tsoron ko ta manta sunana, sai na tambaya, "To ni fa, wane ne?"

Ta ce, "Sani ɗan Habibu, jikan Alhaji Garba, gwauron da ya ƙi aure. Matsa, kana tare mini Koffi."

Ban taɓa jin daɗin zagi irin na yau ba. Ku fa, me tsofaffinku suke kiran ku?