Angon da Ya Kwashe wa Gwaggo Kaya

Gwaggona ma'aikaciyar jinya ce, shekara ashirin da biyu tana yi wa mutane allura. Tun da mijinta ya rasu take zaune ita kaɗai a gidan haya, ciki da falo, a saman bene. Ba ta shiga harkar kowa, amma kowa ya shiga tata. Matar direba da ke ƙasa ta fi mai gadin asibiti sanin lokacin fitarta da dawowarta. Mai gidan hayar kuwa kullum sai ya tare ta a matakala: "Baiwar Allah, har yaushe za ki zauna haka?" Ita kuma ta ce, "Baba, ya hawan jinin?" ta wuce abinta.

Wata Talata da hantsi, tana wurin aiki, wani mutum fes da shi ya hau benen, ya ɗan jima a bakin ƙofarta yana taɓe-taɓe, ya shige. Matar direba ta hango shi ta taga. Maimakon ihu, sai ta bi ɗakuna tana raɗa: "Ban faɗa muku ba? Har makulli gare shi!"

Da mutumin ya sauko da talabijin a ka, ya tarar da mutum shida tsaye a tsakar gida. Ya ƙame, gumi na keto masa.

Mai gida ya washe baki. "Kai ne angon? Tarewa za ta yi?"

Mutumin ya haɗiye yawu. "E, Baba."

Ai kuwa sai murna. Mai gida ya tuɓe riga ya kama firiji. Direba ya matso da motarsa, ya kai kayan har bakin titi, ya ƙi karɓar komai. Matarsa ta leƙo ta ce, "Ango, kar ka manta da tukwanen ƙarƙashin gado, sun fi kyau." Mai gida ya ja shi gefe ya yi masa nasiha: "Ka yi haƙuri da ita, akwai taurin kai."

Da la'asar Gwaggo ta dawo, aka yi ta ce mata Allah ya sanya alheri. Ta hau sama ta tarar da ɗaki fayau, sai labule. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka, ba don firiji ba, don tsohon rediyon marigayi.

A wurin 'yan sanda shaidu har sun yi yawa. Da aka ce mai gida ya siffanta ɓarawon, cewa ya yi, "Yaro mai ladabi, har ƙasa ya gaishe ni." Sannan ya juya ga Gwaggo: "Kin gani ko? Da akwai miji a gidan, ai da mun san ba shi ba ne."

Ba a kama kowa ba. Gwaggo ta sauya makulli, ta sayi katifa, tana nan a ɗakinta tana zuwa aiki. Matar direba kuwa har yau in zancen ya taso sai ta nisa ta ce, "Ni dai gaskiya, ba don sana'arsa ba, sun dace."