Muryarki a Na'urar Auta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga watan Maris, ina tsaka da wanki aka bugo mini waya daga makaranta cewa Allah Ya yi miki rasuwa, Malama. Tun ranar na kasa zama wuri guda.

Autata ba ta iya magana. Kafin ta shiga ajinki, kuka ne kawai abin da take da shi, mu kuma sai dai mu canka. Ke kika yanka hotuna kika manna mata a allo, kika hana mu amsawa a madadinta. Ni da haƙuri bai ishe ni ba, sau nawa kika ce mini, "Maman Auta, haɗiye taki, tata tana zuwa." Da aka samo mata na'urar magana, kika ce muryar cikinta sai ka ce mai sanarwa a tasha. Kika riƙa zama bayan an tashi kina ɗaukar taki, kalma bayan kalma. Har "ƙyale ni" kika saka mata, kuma babu maɓallin da ya kai shi shan danna.

To yanzu da muryarki take neman ruwa, da ita take tsokanar yayanta. Ina kicin sai in ji ki a falo. Babanta ya ce a goge a ɗauki tawa. Na ɗauko na'urar na mayar ya fi a ƙirga. In na goge, na raba yarinya da bakin da ta saba da shi. In na bari, kullum makoki ya dawo sabo.

Jiya muka je gaisuwa gidanku. Na so barin na'urar a mota, Auta ta ƙanƙame abarta. Muna zama gaban mahaifiyarki ta danna: "Sannu, Umma." Na rasa inda zan sa kaina. Baiwar Allah ta matso ta kama hannun Auta, ta ce, "'Yar nan, sake danna mini." Da za mu tafi ta rako mu har ƙofa, ta ce, "Don Allah ki riƙa kawo mini ita."

Ban goge ba, Malama, kuma ba zan goge ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa bakin da kika buɗe wa yaran nan ya zame miki shaida gobe ƙiyama. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki, da maigidanki, da 'ya'yanki, da ɗalibanki da har yau suke nuna hotonki a allo suna jiran amsa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, amin.