Ranar da Na Ce wa Likita Ba Sauƙi

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Ku gafarce ni da zan ɗauke muku lokaci da doguwar magana, alhali kowa da abin da ke gabansa. Tun kafin azumin bara ba ku ji ɗuriyata ba. Wasu sun ɗauka mun koma Kano. Muna nan Kuala Lumpur, jinya ce ta ɓoye ni.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Maman Safiyya. Ina koyar da hadda da tajwidi a wata 'yar makarantar Islamiyya kusa da Kampung Baru. Maigidana yana karatun digiri na uku, kuɗinsa daga gida kuwa sai an ga dama ake turowa. Da muryata muke cin abinci a gidan nan.

Da dishewa abin ya fara. Na ce sanyin aji ne. Na sha zuma, na sha citta da kanumfari, na ci gaba da biya wa yara karatu. Wata safiya ina cikin jan madda muryar ta yanke, sai iska kawai ke fita. Yara suka zuba mini ido.

A asibiti aka zura mini siririyar kyamara ta hanci. Likitar, wata Ba'indiya mai yawan shiru, ta nuna mini wani tsiro a kan jijiyar murya. Ta ce sai an cire an gwada kafin a san ko ciwon daji ne.

Ban iya cin abinci ba har sakamako ya fito. Ba daji ba ne, alhamdulillahi. Amma bayan tiyata wurin ya ƙi warkewa da wuri. Aka hana ni magana, ko raɗa. Likita ta ce idan na koma aji kafin lokaci, muryar na iya tafiya ke nan.

To, a zauna a ci me?

Lokacin da na kama aiki, shugabar makarantar ta sa ni cikin takaful, wato inshora irin ta Musulunci: kowa yana zuba kaɗan daga albashi, wanda lalura ta hana shi sana'arsa a tallafa masa duk wata. Na yi ta jan ƙafa, sai da na tambayi malamai kafin zuciyata ta kwanta. Yanzu ga ranarsa ta zo. Sharaɗinsu ɗaya: likita ta tabbatar ba zan iya aikina ba.

Nan tarbiyyarmu ta kusa kai ni ƙasa.

Kun san mu. Mutum yana kwance rai a hannun Allah, a tambaye shi ya jiki, ya ce da sauƙi. Haka na taso. Duk zuwan da na yi, likita ta tambaya, sai in ɗaga kai in rubuta mata a takarda cewa da sauƙi, alhamdulillahi. Alhali ko yawu na haɗiye kamar ƙaya. Ita kuma abin da na ce shi take rubutawa.

Rannan Puan Zaiton, jami'ar takaful, ta kira Malam, maigidana. Ta ce rahoto ya nuna matarsa tana samun sauƙi a kai a kai, don haka ba su ga dalilin biya ba, sai dai idan dubawa ta gaba ta nuna wani abu dabam. Makaranta ma ta fara tambayar yaushe zan dawo.

Na goge hijabina na aiki. Na yanke zan koma aji.

Malam ya dawo da fate-faten shinkafa da ya yo mana tapau, wato sayen abinci a ƙunshe a tafi da shi gida, a unguwar Brickfields, ya tarar da hijabin a rataye. Ya daɗe yana kallonsa. Na rubuta masa cewa ba zan kai ƙarar Ubangijina wurin baiwarsa ba.

Ya ce, “Malama, likita ba gaishe ki take yi ba. Shaida take nema. Ke da ba kya ƙyale yaro ya ci harafi ɗaya, za ki bari a rubuta abin da ba haka yake ba?”

Maganar ta tsaya mini a rai.

Ranar dubawa, na rubuta: ba sauƙi. Ina jin zafi. Ba na iya haɗiya. Ina tsoro. Ban taɓa faɗa wa wani mahaluki haka ba.

Likita ta karanta, ta cire tabarau. Ta ce ta jima tana mamakin yadda abin da kyamara ke nuna mata bai yi daidai da abin da nake faɗa ba. Ta sauya magani, ta sake rahoto.

Jiran amsa ya fi jiran tiyata wuya. A ofishin takaful akwai wanda ya ce ai tana da hannu da ƙafa, ta nemi wani aikin. Puan Zaiton ta ce tsarin da nake ciki a kan sana'ata yake, sana'ata kuma murya ce. Aka amince.

Na huta watanni. Aka koya mini numfashi da fitar da sauti kamar jaririya. Ranar da na fara karanta Fatiha a bayyane, Malam yana ɗaya ɗakin. Na ji ya ce amin, muryarsa ta fi tawa rawa.

Na koma aji da 'yar lasifika. Allah ya saka wa duk wanda ya yi mini addu'a, da matan da suka riƙa aiko mana tuwo.

'Yan uwa, duk mai ci da wata gaɓa ta jikinsa, ya tambayi wurin aikinsa ko akwai irin wannan tsari. Ku tambaya ƙarara: idan na kasa sana'ata za a biya, ko sai na kasa kowane aiki? Ba ɗaya ba ne. Kuma ku bar wa masu zuwa gaisuwa “da sauƙi”. Likita a faɗa masa gaskiya.

Puan Zaiton ta yarda ta zo ta yi wa matanmu bayani wata Juma'a bayan la'asar, idan ta san yawanmu. Don Allah mai son zuwa ta ba ni amsa da wuri.