Labari na Biyar a Takardata

Akwai ranar da ba ta fita raina ba, wata Asabar a daminar shekara ta biyu bayan an rufe gadar da ke tsakaninmu da Gaya. Lokacin ni ne mai karanta labarai da Hausa a wani ƙaramin gidan rediyo na nan Malanville a arewacin Benin, saura wata bakwai in ajiye aiki.

Ga yadda muke yi. Labarai suna zuwa da Faransanci. Shugabar sashen labarai, Madam Rakiya, ita ce mai tantance su ta sa hannu, kuma abin da ba ta sa wa hannu ba ba ya fita. Ni Faransancina na kasuwa ne, sai ta zauna ta faɗa mini ma'anar kowane labari, in rubuta shi da Hausa cikin ajami, in shiga ɗakin watsa shiri in karanta. Duk gidan babu mai iya karanta rubutuna. Shekara goma sha tara ana ba ni makirufo bisa amana.

A ranar ne wata babbar jam'iyya za ta fitar da ɗan takararta na shugaban ƙasa a Kwatano. Tun safe gari ya kasa zama. 'Yan kabu-kabu sun rabu biyu a bakin tasha, masu albasa sun bar ciniki suna gardama. Wasu na cewa wani tsohon minista ne, wasu na cewa wannan karon ɗan arewa za a ba. Ni ma zuciyata tana wajen ɗan arewan, don ana cewa shi ne zai iya sasantawa a buɗe gada. Ɗiyata tana aure a Gaya da tsohon ciki, kuma kwalekwale kaɗai ne hanya. Na fita tsakar gida na dawo ya fi sau goma, shayina ya huce ban sha ba.

Wajen sha biyu da rabi Alhaji Mudi na Gene, jigon jam'iyyar a yankinmu, ya kira ni.

"Malam, an gama. Namu ne. Yarona yana cikin zauren, da kunnensa ya ji."

Na ce, "Alhaji, an faɗa a bainar jama'a?"

"Kai dai ka faɗi. In ka bari rediyon Kandi ya riga ka, mi za ka ce wa mutanen garinka? Na riga na aika a kira makaɗa."

Madam ta riga ta ba ni labarai huɗu na ƙarfe ɗaya: farashin shinkafa, rigakafin dabbobi a ƙauyen Tumbutu da ke kusa da mu, cikar kogi, da sanarwar jandarma. Na ɗauki alƙalami na ƙara na biyar a ƙasa. Ban nuna wa kowa ba. Na gaya wa kaina da an yi minti talatin takardar da ke tabbatar da labarin za ta iso, ni riga ta kawai na yi.

Ina kama ƙofar ɗakin watsa shiri Madam ta tsayar da ni, idonta a kan takardata.

"Baba Malam, huɗu na ba ka."

"Huɗu ne."

"Ban iya karatun wannan ba, amma na iya ƙidaya. Kana jan layi bayan kowane labari. Ga layi biyar."

Kunya ta kama ni, sai ta koma fushi. A gaban mai kula da na'ura na ce mata ranar da na fara magana a rediyo ita tana 'yar makaranta a lakwal da allon alli, ba ita za ta koya mini aiki ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Gaskiya ne, Baba. Amma in ya fita ba daidai ba, hukuma za ta rufe gidan nan, mu goma sha ɗaya ne muke ci a ciki. In ka fara na biyar zan sa a kashe makirufo."

Na shiga na karanta huɗu. Da na kai layin ƙarshe na daɗe ina kallonsa, sannan na yi sallama da masu saurare. Na tafi azahar ban yi mata magana ba.

Bayan la'asar takarda ta iso. Ba tsohon ministan ba ne, ba kuma ɗan arewan ba. Wani na uku aka tsayar, wanda ko sunansa ba a ambata a tasha ba. Madam ta kawo mini labarin, ta faɗa mini ma'anarsa kamar kullum, na rubuta, na karanta.

Ba ta kai ƙarata wurin darakta ba. Da ta kai, da sallama ce, ba ritaya ba. Kwana ashirin ina gaishe ta sama-sama, in na yi sujada maganar da na faɗa mata tana tsaye a ƙirjina. Ranar wata Juma'a na jira mai kula da na'ura ya zo, don a gabansa na yi laifin. Na ce, "Ɗiyata, na yi miki ƙarya, na kuma ci miki fuska. Ki yafe mini."

Ta ce, "Na yafe tun ranar, Baba. Jira nake ka zo ka karɓa."

Ku da kuke farawa, abin da na gane shi ne a wannan aiki ƙaryar baƙo ba ta cika shiga ba. Wadda ke shiga ita ce wadda ranka ke so ta zama gaskiya. Daga ranar har na ajiye aiki, ban sake shiga ɗakin nan ba sai na tsaya gabanta na karanta mata takardata da ƙarfi, daga bisimilla har ƙasa.